Darasi na Bakwai: Tara Kuɗin Leda da Sanin Mutanen da ke Jiki

Toh jama'a, yau kowa ya laluba aljihu ko ya kwance bakin zani ya fito da canjin da ya rage masa daga kasuwar Gujungu, naira biyar, goma, ashirin da hamsin. Waɗannan huɗun su kaɗai ne kuɗin leda a ƙasar nan, daga ɗari zuwa dubu duk takarda ce. Na san wani zai ce malam ai biyar yanzu ko yaro ka miƙa wa sai ya harare ka, gaskiya ne, amma mu ba cefane za mu yi da ita ba, allo za mu mayar da ita.

Ku fara da ashirin, 'yar Murtala kenan, ita ce ta fara zama leda a 2007, sauran ukun suka biyo baya a 2009. A da ajami ne a jikinsu, dattawanmu da suka yi makarantar allo suna karantawa ba wahala, sai aka cire a 2007 aka rubuta da boko cikin Hausa da Yarabanci da Ibo. Ku nemo inda aka sa Naira Ashirin, ku ɗora yatsa ku bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, N, a, i, r, a. Wanda ya iya wannan ya iya rabin na jikin goma da hamsin.

Mai kakin soja ɗin nan Janar Murtala Ramat Muhammed ne, ɗan Kano, an haife shi 1938, ya hau mulki a Yulin 1975 aka harbe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976, ko wata bakwai bai cika ba amma har yau in an kira sunansa tsofaffi sai sun girgiza kai. Ku juya bayanta, matar da ke zaune tana ginin tukunya sunanta Ladi Kwali, mutuniyar Kwali ta wajen Abuja. Iyayenmu mata masu ginin randa ku duba da kyau, sana'arku ce ta kai ta nan.

A biyar akwai Sa Abubakar Tafawa Balewa, malamin makaranta daga Bauchi wanda ya zama firaminista na farko, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Na jikin goma Alvan Ikoku, shi ma malami ne daga kudu maso gabas, bayanta kuma matan Fulani ne ɗauke da ƙoren nono kamar dai waɗanda ke shigo mana gari da hantsi. Hamsin ba mutum ɗaya ba ne, fuskoki ne na ƙabilu daban-daban shi ya sa ake ce mata wazobiya, akwai ma ta musamman da aka buga 2010 lokacin da ƙasa ta cika shekara 50 da 'yanci, in ta faɗo hannunka kar ka kashe.

Wajen tarawa, nemi mai tsabta wadda fentinta bai goge ba, ka duba shekara da sa hannun gwamnan babban banki, na 2010 zuwa 2013 za ka ga na Sanusi Lamido Sanusi. Leda ba ta jin tsoron ruwa, wuta ce dodonta, ni da kaina na taɓa ɗora dutsen guga a kan wata hamsin don ta miƙe wallahi nan take ta ƙanƙance kamar ganda. Kar a ninke, kar a huda, in bakinta ya ɗan tsage to sai ta yage har ƙarshe. A shimfiɗa ta a tsakiyar littafi nesa da murhu.

Aikin gida: kowa ya zo da guda huɗun ranar Asabar, ya kwafi sunan da ke ƙarƙashin hoton biyar, goma da ashirin, da shekarar kowacce, sannan ya haɗa lissafi ya faɗa mana nawa suka tashi.