Darasi na 9: Me Ke Riƙe Jikin Ɗan Tayi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin magina a birnin Zariya ya san tubali ba ya zama katanga shi kaɗai, sai an kwaɓa ƙasa an sa a tsakani. Da tubali da ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zazzau.

Jikinmu ma ginin tubala ne, ƙanana ƙwarai, ana ce musu ƙwayoyin halitta. Ɗan tayi yana farawa da ƙwaya 1, ta rabu ta zama 2, sai 4, sai 8. Daga nan, wajen kwana 3 zuwa 4 da shigar ciki, sai su rungumi juna su dunƙule. Ba wanda ya kwaɓa musu ƙasa. Kowace ƙwaya da danƙonta a jikinta. Babba cikin irin wannan danƙo shi ne kadiherin, wanda masanin Japan Masatoshi Takeichi ya gano, kuma ba ya kamawa sai da sinadarin kalsiyam.

A 1907 wani Ba'amurke, H. V. Wilson, ya tace wata halittar teku mai suna soso a ƙyallen siliki, kamar yadda mata ke tace gasara. Ƙwayoyinta suka warwatse cikin ruwa, daga baya suka nemi juna suka sake haɗuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne danƙon yana da zaɓi: ya fi kama irinsa. Ƙwayoyin da za su zama ƙwaƙwalwa da lakar baya sukan sauya danƙonsu, su bar waɗanda za su zama fata, su naɗe kamar tabarma. Naɗin yakan rufe wajen kwana 28, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba. In bai rufe ba, sai a haifi jariri da buɗaɗɗen baya.

Ƙwayar maganin folik asid, wani nau'in bitamin, maikurogiram 400 kullum, tana rage wannan haɗari, amma sai mace ta fara sha tun kafin ciki ya shiga. Jiran ranar awo ya yi latti. Malam, wannan sayayya taka ce, a haɗa da wake da alayyahu, don su ma suna da irin wannan bitamin.

Aikin gida: rubuta 28 da 400 a littafinka, ka karanta wa iyalinka sakin layin da ya yi maganar folik asid.