Yadda nake gano tsohuwar iyakar gona a hoton sama

Ranar da aka ɗauki hoton nake fara dubawa. Idan gonakin Ingila ne, Yuni ko Yuli na shekarar fari nake nema, irin 1976 ko 2018, lokacin da alkama da sha'ir suka kusa nuna. Shekarar da ruwa ya wadata kada ma ka wahalar da idonka, gona duk kore shar take. A Google Earth kana iya komawa hotunan shekarun baya.

Mutanen zamanin da sukan haƙa dogon rami a bakin gonarsu. Ramin ya cike tun tuni, amma ƙasar cikinsa har yau tana riƙe danshi. Shukar da ke kansa takan fi tsayi, tana nan kore bayan sauran sun yi ruwan ɗorawa, sai ka ga layi mai duhu ya ratsa gonar. Inda katangar dutse ce a binne kuwa, saiwa ba ta samun shiga, shuka ta tsumbure ta bushe da wuri, layin ya fito da haske.

Na taɓa kwana biyu ina murnar wasu layuka, ashe bututun janye ruwa ne na zamani. Su a jere suke reras kamar ƙayar kifi.

Daga nan sai in ɗauko taswirar ƙarni na 19 ta Ordnance Survey, hukumar zana taswirar ƙasa ta Birtaniya. In layin yana ciki, shinge ne da aka tumɓuke daga baya. In babu shi, kuma ya nutse ƙarƙashin hanya ya ɓullo ta ɗaya gefen bai karkata ba, galibi ya girmi hanyar.