Yadda za ka gane ko firamaren unguwarku na ƙoƙari

Jama'a kar mu tsaya kallon fentin gini. Ka tahi makarantar da safe, ka gaida hedimasta ka roƙi ganin rajista, yara nawa a aji 1 nawa suka kai aji 6, ka ware maza da mata, nan za ka ga inda ɗiyanmu mata ke zubewa, abin na ci min rai wallahi. Ka koma ranar kasuwa ko da damina ka ƙirga kawuna da kanka.

Sai ka miƙa ma yaron aji 4 littafin Hausa ya karanta layi biyu, in yana bin baƙi da yatsa yana inda-inda to da sauran aiki. Ka kai maganar ga kwamitin SBMC (kwamitin iyaye da mutanen unguwa mai sa ido kan makarantar), in shiru sai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, duka 23 ɗin Sakkwato suna da shi.