Sulken ƙarfe na motar daji: inda ake sa shi, kaurinsa da yadda ake ɗaure shi

Motar da ke bin hanyoyin ƙauye a Zamfara da Kebbi, ko ta shiga fadamun shinkafa na Argungu ko ta hau duwatsun ƙasar Zuru, wurare huɗu take shan duka: kaskon baƙin mai a ƙarƙashin inji, akwatin giya da na agzilari mai raba ƙarfi ga tayoyi huɗu, tankin mai, sai gindin ƙofofi. Waɗannan ne ake yi wa sulke, kuma mai walda na gari zai iya haɗa shi idan aka ba shi awo daidai. Kafin a ci gaba, a san cewa wannan sulken dutse da kututture ne. Baƙin ƙarfen da ake sayarwa a kasuwa, ko da kaurinsa ya kai milimita 6, harsashin bindigar yaƙi na ratsa shi, don haka kada wani ya lulluɓe ƙofofinsa da shi ya ɗauka ya tsira.

Bayanin nan na motoci masu shasi ne daban da bodi, irin su Hilux, Land Cruiser da Prado. RAV4 da ire-irenta ba su da shasi mai zaman kansa, abin da za su iya ɗauka bai wuce siririn faranti a ƙarƙashin inji ba.

Fara da lissafin nauyi

Mafi yawan aikin da ke lalacewa, kauri ne ya lalata shi. Mai mota yakan ce a sa masa mafi kauri, mai walda kuma ba ya musu tunda kuɗin ƙarfe ya ƙaru. Ga lissafin: murabba'in mita ɗaya na baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 1 yana da nauyin kilo 7.85. Ke nan milimita 3 kilo 23.5 ne, milimita 4 kilo 31.4, milimita 6 kuma kilo 47. Falle guda mai ƙafa 4 da ƙafa 8, na milimita 4, ya haura kilo 90.

Milimita 4 ya isa ƙarƙashin inji da giya, milimita 3 ya isa tanki. Faranti mai faɗin santimita 80 da tsawon 70 zai zo kilo 17 da ɗoriya a milimita 4, amma a milimita 6 ya wuce kilo 26, kuma duk a kan tayoyin gaba. Idan ka haɗa farantai uku, na inji da giya da tanki, da ƙarafan gefe biyu masu kare gindin ƙofofi, za ka tashi da kilo 75 zuwa 80. Ƙara bambar ƙarfe, ka doshi kilo 120 ko fiye, sama da buhu biyu na shinkafa masu kilo 50 da motar za ta riƙa yawo da su dare da rana. Wannan nauyin daga cikin lodin da aka yarje wa motar ake cire shi. Shi ne ke sa gaba ya zauna, shokazoba ta mutu da wuri, birki ya ƙara nisa kafin ya kama, motar kuma ta fi saurin nutsewa a yashi da taɓo.

Ƙarfin faranti a lanƙwasarsa yake. Milimita 4 da aka karya gefunansa ya fi milimita 6 shimfiɗaɗɗe jure duka.

Farantin ƙarƙashin inji

Ɗora motar a kan rami, ko ka ɗaga ta ka tokare da ƙafafun ƙarfe, ba da jak kaɗai ba, ba kuma da bulo ba. Kwance siririn farantin kamfani idan yana nan, ka lura da ramukan notinsa, domin su za ka yi amfani da su. Samo kwali mai faɗi, irin na firji, ka yanka shi ya zauna daidai yadda kake son farantin ya zauna. A jikin kwalin za ka yi alamar ramukan noti, da wurin notin zubar da baƙin mai, da wurin filta. Kwali ya ɓaci sau uku ya fi ƙarfe ya ɓaci sau ɗaya. Sai ya zauna cif sannan ka shimfiɗa shi a kan falle ka zana da alli.

Tsakanin farantin da kaskon mai a bar tazarar milimita 15 zuwa 20, kamar kaurin babban yatsa. Inji a kan roba yake zaune, yana motsi, kuma idan dutse ya daki farantin zai ɗan lotsa ciki. In babu tazara, dukan ya wuce kai tsaye zuwa kaskon da ake son karewa. Shi ya sa ba a taɓa ɗaure faranti a jikin inji ko giya, sai a shasi da ƙarafan da suka gitta shi.

Bakin gaba a karya shi sama kamar digiri 30, yadda dutse zai zame ya wuce maimakon ya ci karo da kaifi. Gefuna biyu a karya su santimita 2 zuwa 3. Inda babu injin lanƙwasa, a tsaga layin da injin gurza har rabin kaurin ƙarfen, a lanƙwasa, sannan a cike tsagar da walda. Ta ciki a gitta ƙarfen kwana mai milimita 25 guda biyu. A nan masu walda da yawa ke kuskure: suna jan walda tun daga wannan baki har wancan a zama ɗaya, zafi ya murɗe farantin, ramuka su daina haɗuwa. A yi ta guntu-guntu, santimita 3 a bar 10, ana tsallakawa daga gefe zuwa gefe, ana barin ƙarfen ya huce.

Ramin zubar da mai ya kai faɗin santimita 8 zuwa 10 don sifana ta shiga. In ba haka ba, duk juyen mai sai an kwance faranti mai kilo 17, kuma wata rana yaron makaniki zai mayar da noti biyu ya bar biyu. A ƙara ramuka huɗu ko shida masu faɗin santimita 2 a wuri mafi ƙasa don ruwa da laka su fita.

Noti

A yi amfani da ƙusa mai lamba 8.8 a kanta, M10 ko M12, wato mai kaurin milimita 10 ko 12, gwargwadon ramin da ke shasi. Wadda ba ta da lamba ƙarfe ne mai taushi, tana miƙewa ta tsinke. M10 ana ɗaure ta wajen Nm 45 zuwa 50, M12 wajen 80 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti). A sa wasa mai faɗi da noti mai roba a ciki, domin gargadar hanya tana kwance noti na yau da kullum. Kan ƙusar da ke kallon ƙasa dutse zai gurje shi har sifana ta kasa kamawa. Maganinsa a yanko zoben bututu mai tsayin santimita 1, a yi waldarsa kewaye da ramin, kan ƙusar ya ɓuya a ciki.

Ƙarafan gefe

Matakalar da ke zuwa da mota don taka ƙafa aka yi ta. In ta hau dutse sai ta naɗe ta shige gindin ƙofa. Ƙarfen gefe na gaskiya dole ya iya ɗaukar rabin motar.

Ana yin sa da bututu mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 50, kaurin bango milimita 3. Nauyinsa ya ɗan haura kilo 4 a kowace mita. Tsawon ya kama daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya, a rage santimita 5 kowane ɓangare, a kuma juya sitiyari har ƙarshe a tabbatar taya ba ta gogarsa. Ƙafafu uku ke riƙe shi zuwa shasi, kowace da farantinta mai milimita 6, da 'yar kusurwar ƙarfe da ke tokare ƙafar da farantin. A toshe bakunan bututun, in ba haka ba laka ta cika shi ya ruɓe daga ciki.

Tsakaninsa da bodi a bar santimita 2. Bodi a kan robobi yake, shasi kuma yana murɗawa in taya ɗaya ta faɗa rami. Ƙarfen da ya matse da bodi zai riƙa bugunsa, fenti ya tashi, wani lokaci ƙofa ta ƙi buɗewa.

Kada a yi waldarsa a jikin shasi. Zafin walda yana raunana ƙarfen da ke gefen ɗinkin, kuma daga nan tsagewa ke farawa bayan watanni na gargada da lodi. Ga shi kuma in ƙarfen ya lanƙwashe sai an yanke shi da wuta. Hanya mafi kyau ita ce faranti biyu su rungumi shasin, ɗaya ciki ɗaya waje, ƙusoshi su bi ta sama da ƙasansa ko ta ramukan da kamfani ya riga ya huda. Idan ƙusa za ta ratsa cikin shasin, tunda shi kamar akwati yake, a zura guntun bututu mai kauri a ciki daidai faɗinsa, ƙusar ta bi ta cikinsa. Ba tare da shi ba, ɗaurin zai matse bangon shasin ya lotsa, notin ya yi sako-sako. Kafin a huda ko a matse komai, a leƙa bayan shasin da tocila: bututun birki da na mai da wayoyi ta nan suke bi.

Gwajinsa mai sauƙi ne. Sa jak a tsakiyar ƙarfen, ka ɗaga har tayoyin wannan gefen su bar ƙasa, ka buɗe ƙofofi ka rufe. In ya taɓa bodi, a ƙara tokara.

Walda da wuta

Sandar walda 6013 mai lamba 10, wato milimita 3.2, a kan amfiya 100 zuwa 120, ta isa wannan aikin. Idan ɗinkin ya tsaya tsiri-tsiri a saman ƙarfe kamar kashin kaji, wuta ta yi ƙasa, bai shiga ba, kuma wannan ya zama ruwan dare inda ƙaramin janareta ke jan injin walda. A guji bututun ruwa mai farin shafe: hayaƙin da yake fitarwa a walda yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, shan madara kuma ba ya hana shi.

A ɗan ɗiga walda a riƙe sassan da junansu suna jikin mota, sannan a sauke a gama a ƙasa. Ko don ɗigon nan, a cire kan batir na nagetif, a maƙala wayar as ta injin walda kusa da inda ake aiki, don kada wuta ta bi ta kwamfutar mota ko ta cikin boris. Farantin tanki kuwa ko ɗigo ɗaya ba a yi a jikin mota, da kwali da awo kaɗai ake haɗa shi.

Bamba

A ganinmu bambar ƙarfe ita ce ta ƙarshe a jerin buƙata, ko da yake ita aka fi so saboda kwarjini. Motar da ke da jakar iska, na'urorin da ke jin karo an auna su ne da yadda gaban kamfani ke naɗewa, bamba mai tauri tana iya sauya lokacin da jakar za ta fashe. Tana kuma ƙara muni in an kaɗe mutum ko mai babur. Wanda ya ga lallai sai ya sa, kada ya toshe gaban lagireto. A watan Maris da Afrilu zafi a Birnin Kebbi da Gusau yana haura digiri 40, motar da ke tafiya a hankali cikin yashi da lodi ba ta da rarar iskar da za a tare mata. Fitilu da lambar mota su kasance a fili.

Bayan an gama

A goge tsatsa da ƙurar walda, a shafa jan fenti na hana tsatsa sau biyu, sannan baƙi. Bayan tafiyar farko ta kilomita 100 a sake bin notuna duka. Da damina a riƙa wanke lakar da ta taru a kan farantai, domin tana riƙe zafi da danshi. Da kaka da rani abin dubawa shi ne busasshiyar ciyawa da karan gero da ke maƙalewa tsakanin faranti da salansa: zafin salansa ya isa ya kunna su, don haka duk ranar da aka ratsa gona ko ciyayi, a zura sanda a zaƙulo su kafin a ajiye motar.