Idan man suya ya kama wuta: abin da za ki yi

Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafi yakan tsananta a Accra, ga ɗakunan haya a Nima da Mamobi manne da juna, in wuta ta tashi a ɗaya sai ta nemi na maƙwabci. 'Yar'uwa mai suyar ƙosai ko wagashi, ki riƙe waɗannan.

1. Ki fara kashe gas daga kan silinda. In kurfoti ne, wato murhun gawayi, ki bar shi inda yake.

2. Kada ki zuba ruwa, ko da cokali ɗaya. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya nutse ƙasan kasko, ya zama tururi nan take, ya watso man yana ci har fuska da rufin ɗaki. Na san hannu yakan riga tunani kai wa ga bokiti, amma don Allah ki daure.

3. Ki turo murfin ƙarfe daga gefe ki rufe kaskon. In wuta ta rasa iska mutuwa take yi. Kada ki buɗe sai ya huce sarai, in ba haka ba za ta sake tashi.

4. Kada ki ɗauki kaskon ki yi waje da shi, lungunanmu cike suke da yara.

5. In wutar ta kama labule ko silin, a fitar da kowa, a kira 'yan kwana-kwana a 192 ko 112. A ambata musu masallaci ko kanti mafi kusa, domin ba kowane lungu motarsu ke shiga ba.

6. Wanda ya ƙone, a riƙa kwarara wa wurin ruwan sanyi har minti 20. Ban da ƙanƙara, manja ko man goge baki. Daga nan sai asibiti.