Darasi na 9: Funfunar Hatsi da Sankarar Hanta

Ku ɗebo gyada a tafin hannu ku duba da kyau. Wasu ƙwayoyin sun yamutse, wasu sun yi baƙi, wata kuwa da ka tauna sai ɗaci ya cika maka baki. Idan aka ɓare irinta, a kan tarar da wani gari-gari kore a ciki. Funfuna ke nan. Masara da gyada ta fi kamawa, amma ba ta ƙyale dawa da agushi da busasshen barkono ba.

Wani nau'in funfunar yana fitar da guba mai suna aflatoksin. An gano ta ne bayan da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, saboda tunkuzar gyada da aka haɗa musu abinci da ita. A 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin gurɓatacciyar masara. Irin wannan kisan farat ɗaya bai cika faruwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne ci kaɗan-kaɗan, yau a tuwo, gobe a kunun gyada, shekara da shekaru. Hanta ce ke tace duk abin da muka ci, don haka ita gubar ke yi wa illa, har sankara ta samu wurin zama.

Wata dattijuwa ta taɓa cewa a aji, "Malama, ai wuta ba ta bar komai ba." Aka ce mata, "Inna, wuta tana kashe funfunar, amma gubar tana nan daram." Tafasa tuwo ba ya kawar da ita, suyar ƙuli-ƙuli ma haka. Kuma kada a ce za a zuba wa dabbobi wadda ta lalace, domin idan saniya ta ci, gubar tana biyowa cikin nono.

Aikin yana wajen shanya da ajiya. Mu nan Jos damina takan kai Oktoba, sau da yawa ana karyar masara ruwa bai ɗauke ba, ga raɓa ga sanyi. Kada a shanya a ƙasa tsurarta. A shimfiɗa tamfol ko tabarma, a kwashe kafin yamma. Don gane ta bushe, a ciza ƙwaya ɗaya: busasshiya za ta ce ƙaras. Ko a zuba kaɗan cikin busasshiyar kwalba da gishiri a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da ita rana. Buhu kuwa a ɗora shi kan katako, a janye shi daga jikin bango. Kafin a kai niƙa a zauna a tsince, duk ƙwayar da ta canja launi ko ƙwari suka huda a binne ta. Na san zubar da hatsi yana da ciwo a wannan tsadar, amma tsintar nan tana rage gubar sosai.

In kun shiga kasuwar Katako, ku yi hattara da karyayyar gyadar da ake karya wa farashi. Araha ba ta ado.

Manoma su tambayi malamin gona game da Aflasafe, wani magani mai rage wannan guba a amfanin gona, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Ana watsa shi a gona mako 2 zuwa 3 kafin amfani ya yi fure.

Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, hatsarinsa na kamuwa da sankarar hanta ya ninka na sauran mutane sau da yawa idan yana cin wannan guba, kuma zai iya shekaru bai san yana da ciwon ba. Ana gwajin jini a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da sauran asibitoci. Jariri kuma a kai shi allurar rigakafin wannan ciwon cikin awa 24 da haihuwa.

Aikin gida: ku auni mudu ɗaya na gyada ko masarar gidanku, ku tsince, ku ƙirga ƙwayoyin da suka lalace. Ku rubuta adadin a littafinku, ku zo da shi aji na gaba.