Yadda ake rage burbushin roba da ke kaiwa ga ƙwaƙwalwa

Roba ba ta ruɓewa, sai dai ta yi ta farfashewa har ta koma burbushin da ido ba ya gani. A watan Fabrairun 2025 masu bincike a Jami'ar New Mexico ta Amurka suka bayyana cewa sun sami wannan burbushi a ƙwaƙwalwar mamata, fiye da wanda ke hanta da ƙoda, kuma na 2024 ya ɗara na 2016 da kusan kashi 50 cikin ɗari. Ƙwaƙwalwa tana da wasu ƙwayoyi masu gadi, maikurogiliya, aikinsu kwashe datti. A gwajin ɓeraye an ga idan waɗannan ƙwayoyin sun haɗiye burbushin, sai su harzuƙa su dinga fitar da sinadaran kumburi, ƙwayoyin jijiyar da ke kusa su ji a jikinsu. To, ga inda za ka kama.

Da farko, raba roba da zafi. A ganina wannan shi ne babba, ko shi kaɗai ka yi ka rage da yawa. Kada ka juye abinci yana tururi a mazubin roba, kada ka sa robar cikin na'urar ɗumama abinci. Nemi kwanon ƙarfe ko tangaran ko gilashi, ka ɗumama a tukunya. Dubi tsohon mazubinka da kyau: idan cikinsa ya yi dishi-dishi, ya kakkarce, ya rine da jan mai, to abin da ya goge daga jikinsa cikinka ya tafi. Yar da shi. Jakar shayi ma a lura da ita, musamman mai sheƙi kamar raga. A 2019 Jami'ar McGill ta Kanada ta gano jakar shayi ta roba guda ɗaya tak tana sakin burbushi kusan biliyan 11.6 a ruwan zafi. Sayi ganyen a sake, ka tace da matacin ƙarfe.

Sai ruwan sha. Masu bincike a Jami'ar Columbia sun ƙirga kimanin burbushi 240,000 a lita ɗaya ta ruwan gora a 2024. Rage shan sa, kada kuma ka bar gorar a rana ko cikin mota. Ruwan famfo kuwa, tafasa shi minti 5, bar shi ya huce, sannan ka tace a hankali, ka bar na gindin. Farin ɓawon nan da ke kama gindin tukunya, wanda kowa ke tsaki a kansa, shi ne ke kama burbushin ya zauna da shi. Wani bincike a Guangzhou ta Sin ya nuna ruwa mai yawan ɓawo zai iya rabuwa da har kusan kashi 90 cikin ɗari na burbushin ta haka.

Faifan yanka na roba, maye shi da katako.

Na ƙarshe ƙura ce, don hanci ma hanya ne: a 2024 an sami burbushin a sashen ƙwaƙwalwa mai jin ƙamshi na mamata 8 cikin 15 da aka duba a Sao Paulo ta Brazil. Zaren tufafin foliyesta, wanda shi ma roba ne, da na kafet suna cikin ƙurar ɗaki. Maimakon kaɗe kujera ƙurar ta tashi, goge da jiƙaƙƙen tsumma, ka buɗe taga lokacin shara.